Makunnin Fanka a Babur Mai Ƙafa Huɗu: Yadda Aka Yi da Wani Injin Gona a Katsina

Babur ɗin mai ƙafa huɗu ne, irin wanda ake ƙerawa don yashi da taɓo da hanyoyin da mota ba ta bi. Wani Alhaji mai noman rani a gefen dam ɗin Ajiwa, cikin ƙaramar hukumar Batagarawa, ya saye shi ɗan Kwatano, ya sa masu walda suka haɗa masa 'yar tirela. Aikinsa kullum guda ne: ya kwaso buhunan taki da jarkokin fetur na injin ban-ruwa daga bakin titi zuwa cikin gona, ya fito da kwandunan tumatir da buhunan albasa zuwa inda mota za ta iya tsayawa. Tsakanin titin da gonar akwai wani yashi mai zurfi da ko a-kori-kura ba ta yarda ta shiga. Injinsa silinda ɗaya ne mai kafireto, ruwa ke sanyaya shi, lagireto a gaba, fankar lantarki a bayan lagireton. Yaran gona uku ne ke tuƙa shi, duk wanda aike ya faɗo a kansa.

Duk tsawon hunturu bai ba kowa wahala ba. Sai da bazara ta kankama, wajen ƙarshen Maris, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40 da rana tsaka, jar fitilar zafi ta fara kamawa a tsakiyar yashin nan. Da farko yaran sukan tsaya ƙarƙashin gawo su jira ta mutu. Daga baya abin ya kai ga ruwa na bulbulowa ta tiyon robar ajiya, ana jin lagireton na ƙugi. Abin da duk su ukun suka yi ittifaƙi a kai shi ne, injin na tafasa amma fanka ba ta tashi.

Wanda ya saba da babur ɗin acaɓa zai ga abin baƙo, don nasa iskar hanya ce kaɗai ke sanyaya shi. Wannan kuwa injinsa a lulluɓe yake cikin robobi, zafinsa ruwa ke ɗauka, famfon da injin ke juyawa ya tura ruwan zuwa lagireto, iskar da ke ratsa ƙananan fika-fikan lagireton ta kwashe zafin. Idan ana gudu, iskar gaba ta wadatar. Amma a ɗora buhun taki takwas, kilo 400 ke nan, a sa ƙaramar giya, a shiga yashi da tafiyar da mai ƙafa zai iya jerawa da ita: injin na iyakar ƙoƙarinsa, iska kuma babu. A nan fanka ce kaɗai mai ceto. Ita kuma ba mutum ke kunna ta ba. Akwai wata 'yar sensa ta tagulla da aka ɗaura a jikin lagireto, kanta na cikin ruwa. A cikinta akwai siririn faifan ƙarfe iri biyu da aka manne, wanda ke lanƙwasa idan ya ji zafi. Ruwa na kaiwa ma'aunin da aka tsara mata, galibi tsakanin digiri 90 da 100 gwargwadon kamfani, sai faifan ya ɗana ya haɗa wuta. Zafin na sauka da 'yan digirori ya saki.

Aka kai wa wani mai gyaran babura a ƙauyen da ke kusa. Ya saurari yaran, ya yanke hukunci cewa sensa ta mutu, ya yi abin da ake yi wa dubban motoci a ƙasar nan: ya mai da fankar dairek. Ya datse soket ɗinta, ya ɗaure waya ɗaya a jikin bodi, ɗayar ya ja ta da siririyar waya irin ta rediyo zuwa kan batir kai tsaye, ya sa ɗan makunni a tsakani ya ɗaure shi da salatif a jikin kan babur ɗin. Ba fiyus. Wayoyin sensa ya naɗe su ya cusa bayan fitila. Ba zan zage shi ba, domin ranar fanka ta juya, kaya sun fita, kuma da abin da ke hannunsa ya yi aiki. Sai dai daga wannan rana lafiyar injin ta koma hannun tunanin yaro mai yunwa da ƙishirwa.

Abin da ya biyo baya ba ya buƙatar dogon bayani. Wani maraice aka ajiye babur aka zare makulli, fanka na ta juyawa a rumfa ba wanda ya kula, saboda ƙarar injin ban-ruwa ta danne tata. Batirin irin waɗannan babura ƙarami ne, na wannan bai wuce amfiya-awa 14 ba, fanka mai jan amfiya 6 ko 7 kuwa awa biyu ta ishe ta ta tsotse shi tas. Da safe ko ƙyas. Aka kai caji, aka maimaita, batirin ya daina riƙe wuta, don batirin dalma ba ya yafe wa mai ƙarar da shi har ƙasa. Alhaji ya sayi sabo, ya yi faɗa sosai a kan barin fanka a kunne. Faɗan ya yi aiki fiye da yadda ya so: ƙaramin cikin yaran ya shiga tsoron makunnin, ya ɗauko kaya bai kunna ba, injin ya tafasa har ya mutu da kansa a tsakiyar yashi. Da suka zo kunnawa daga baya, makunnin ma ya riga ya narke daga ciki, robarsa ta kumbura. An gudu ba a tsira ba.

A bayan mota aka ɗauko babur ɗin zuwa cikin Katsina, wurin wani mai rewaya da ke da rumfa a garejin da ke wajen Ƙofar Ƙaura, dattijo ne da ya fi shekara talatin yana bin wayoyin mota. A nan na ga sauran aikin da idona. Buƙatar Alhaji a fili take.

"Injiniya, makunni mai kyau nake so ka sa mani, wanda ba ya narkewa. Shi ke nan."

"Ranka shi daɗe, makunni ba wuya. Amma bari mu ga abin da ya hana ta tashi tun farko. In na sa maka makunni a kan ciwon da ban gani ba, gaskit za ka saya nan gaba, ba batir ba."

Ya fara da tambayar da ta fi tsada: shin injin ya tsira? Ya zaro sandar gwajin baƙin mai, man baƙi ne sosai amma bai yi farin nan kamar an zuba madara ba, wanda ke nuna ruwa ya shiga cikinsa. Da injin ya huce aka buɗe murfin lagireto aka cika ruwa, aka tayar, ya tsaya yana kallon bakin lagireton ko zai ga kumfa na tasowa a jere, alamar iskar silinda na kutsawa cikin ruwa. Babu. Salansa ma ba ta fitar da farin hayaƙi. Gaskit ɗin kan inji, shimfiɗar da ke hana ruwa da mai da iskar silinda haɗuwa, ya sha da ƙyar.

Ruwan da aka cika ne ya fara ba da labari. Sai da lagireton ya shanye fiye da gorar ruwa guda kafin ya cika, alhali yaran sun rantse kullum suna duba robar ajiya suna ganin ruwa a ciki. Gaskiya suka faɗa. Robar na da ruwa, lagireton ne babu. Maigidan rumfar ya juya murfin a tafin hannunsa ya nuna wa Alhaji: robar da ke zagaye da bakinsa ta tsage gida biyu, ta bushe ta yi tauri. A saman murfin an buga 1.1. Wannan lamba ita ce matsin da murfin ke riƙewa, kuma matsin ne ke hana ruwa tafasa da wuri. Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya a Katsina, da ke kimanin mita 500 sama da teku, yana tafasa wajen digiri 98. A ƙarƙashin murfi mai lafiya sai ya kusa 120. Murfin da ya tsage kuwa ya mai da lagireto buɗaɗɗen abu: ruwan na tafasa daidai wurin da sensa ke shirin ɗanawa, tururi ya tunkuɗa shi waje, kuma idan injin ya huce murfin ba ya iya zuƙo ruwa daga robar ajiya ya mayar, iska yake zuƙowa ta tsagar. Kowace rana ruwan na raguwa kaɗan.

To, a wannan babur sensar a ɓangaren sama na lagireto take. Da ruwa ya sauka ƙasa da ita, sai kanta ya zauna a cikin iska. Sensa ba ta san zafin inji ba, zafin abin da ke taɓa ta kawai ta sani. Injin na ci da wuta a ƙasa, ita tana sama ba ta da labari.

Bai tsaya a zato ba. Ya kwance ta, ya aiki yaro wurin mai shayin bakin gareji ya aro risho, ya zuba tsohon baƙin mai a gwangwanin madara ya ɗora. Mai ya zaɓa ba ruwa ba, don ruwa zai tafasa ya tsaya a 98, wataƙila kafin sensar ta ɗana, a yi mata ƙazafi karo na biyu. Ya rataya ta da waya yadda kanta kaɗai ke cikin man ba tare da ta taɓa gindin gwangwanin ba, ya maƙala mata wayoyin mitar gwajin wuta, ya tsoma ma'aunin zafi a gefe. Mu huɗu muka sunkuya a kan gwangwanin madara kamar masu jiran wani abin kirki ya dahu. Man ya fara wari, lamba na hawa, sai muka ji ɗan ƙas daga cikin sensar, mita ta ɗauki ƙara, daidai lambar da aka buga a gefen sensar. Aka sauke gwangwanin, bayan ɗan lokaci ta sake yin ƙas, mita ta yi shiru. Sensar da aka yanke wa wayoyi aka ce ta mutu, lafiyarta ƙalau.

Saura dalilin da ya sa ruwan ke kai wa ga tafasa tun asali. Ya cire robar gaba, ya kunna tocilan wayarsa ya saka ta bayan lagireto, ya ce Alhaji ya leƙa ta gaba. Haske ya ratso ta gefe-gefe kawai. Tsakiyar, daidai inda fanka ke zuƙa, toshe take da ƙurar hunturu da ta haɗu da danshin gona ta zama laka, da ƙaiƙayi da gashin ciyawa. Daga waje ba a gani, saboda yaran na wanke fuskar babur ɗin har tana ƙyalli. Ciki kuma ruwan rijiyar burtsatse da ake ta ƙarawa ya bar farin gishiri a bakin bututan. Ya ce ko da fankar ƙauye ba ta taɓa mutuwa ba, aikin da take yi bai wuce na mai yi wa mutum fifita ta bayan katanga ba.

Aka jiƙa lagireton, aka wanke shi daga baya zuwa gaba da tiyo marar ƙarfi, don ruwan masu wankin mota mai matsi yana kwantar da fika-fikan ya ƙara toshe hanya. Aka ɗauraye cikinsa, aka zuba kulan, ruwan sanyaya inji, da aka haɗa rabi da rabi da tataccen ruwa irin na batir, aka fitar da iska, aka sa sabon murfi mai lamba ɗaya da tsohon. Wani da ke zaune a rumfar ya ba da shawarar da ba a rasa mai ba da ita, cewa a cire tamosta, 'yar ƙofar da ke hana ruwa zuwa lagireto sai injin ya ɗau zafi, a huta, ai nan ba Turai ba ce. Maigidan ya ce a bar ta. Da asubahin Janairu a bakin dam sanyi na sa mutum hura wuta, injin da ba ya kai zafin aikinsa kuwa fetur yake sha ya wanke man jikin silinda.

A nan, ga mai bin ƙa'ida, aiki ya ƙare: a mayar da wayoyin kamfani yadda suke, a sallami Alhaji. Shi kuwa bai janye ba, makunninsa yake so. Na ɗauka maigidan zai ƙi, sai na ji ya amince, kuma hujjarsa ta gamsar da ni. Wannan babur ba yawon shaƙatawa yake yi ba. Yaron ya san yashin nan yana gabansa, sensa ba ta sani ba. In ya kunna fanka tun daga bakin titi, zai shiga yashin da ruwa mai sauƙin zafi maimakon ya jira sai ya kai 90 da wani abu. Na biyu, ranar da sensar za ta mutu da gaske, a gona za ta mutu, da tumatir a tirela. Amma ya gindaya sharaɗi biyu da bai yarda a taɓa ba. Sensa za ta ci gaba da aikinta ko an taɓa makunni ko ba a taɓa ba. Kuma zare makulli zai kashe duk abin da makunnin ya kunna. Wato makunnin zai iya ƙara wa fanka lokacin aiki, ba zai iya rage mata ba.

Kafin ya yanka ko waya ɗaya sai da ya gano yadda kamfani ya tsara layin, don ba duka iri ɗaya ba ne. Ya zaro wayoyin da aka cusa bayan fitila, ya bi su da fitilar gwaji. A wannan babur wuta na fitowa daga batir ta fiyus mai amfiya 15 ta shiga fanka, kuma tana nan ko makulli na kashe. Wayar da ta fito daga fanka ita ke zuwa sensa, daga sensa zuwa bodi. Ma'ana fankar kullum tana da wuta a baki, hanyar komawa take jira, sensa ce ƙofar. Saboda haka abin da ake buƙata ƙofa ce ta biyu a gefen ta farko. Kowacce aka buɗe, fanka ta tashi. Sai an rufe duka biyun za ta tsaya.

Hanya mafi sauƙi ita ce a ja waya biyu daga ƙafafun sensa zuwa makunni a kan babur. Tana aiki, mutane da yawa haka suke yi. Ya ƙi ta saboda dalili biyu. Duk wutar fanka za ta bi ta cikin makunnin, kuma motar lantarki da ke juya fanka takan fizgi ninki biyu ko uku na wutarta a daidai lokacin tashi, abin da ya narkar da na ƙauye ke nan. Sannan tunda layin fankar ba ya bin makulli, an koma gidan jiya, batir zai sake kwana yana zuba.

Sai ya ɗauko rile mai ƙafa huɗu na mota, wato makunnin da wuta ke ɗanawa ba hannu ba, irin mai amfiya 30 da ake samu a kowane shagon kayan wuta. A gindinsa an rubuta lambobi: 30, 87, 85, 86. Biyun farko su ne babbar ƙofa, biyun ƙarshe na ɗan kwayil ne da ke jan ƙofar ta rufe, wanda wutar da yake ci ba ta kai rubu'in amfiya ɗaya ba. Ya cire kan batir na nagetif tukuna. Ya feɗe wayar da ke tsakanin fanka da sensa ba tare da ya datse ta ba, ya dasa mata reshe da waya mai kauri, milimita 2.5, ya kai ƙafa ta 30. Daga 87 ya ja irin wannan waya zuwa wani noti a jikin firam, bayan ya kankare fenti da tsatsa har ƙarfe ya fito fari. Ƙafa ta 85 ita ma bodi. Ta 86 ce ke zuwa makunni, makunnin kuma ya samo wutarsa daga layin da ke mutuwa da makulli. Wannan layin bai yarda da launin waya ba wajen nemo shi, don babur ɗan Kwatano hannu nawa ya ratsa. Ya soka fitilar gwaji, ya sa yaro ya murɗa makulli ya kashe, ya murɗa ya kashe, sai da ya ga fitilar na bin makullin sau da yawa. A bakin inda ya ɗebi wutar ya sa ƙaramin fiyus mai amfiya 5. Makunnin da ya zaɓa mai rigar roba ne saboda ƙura da ruwa, da 'yar fitila a jikinsa da ke nuna a kunne yake.

Rabin ingancin irin wannan aiki ba a zanen layi yake ba, a hannu yake. Kowane haɗi sai da ya narka masa dalma ya sa masa robar da ke tsukewa da wuta, don murɗa waya da salatif ba ya shekara a abin da ke girgiza yini guda cikin zafi. Rilen ya ɗaure shi a sama ƙarƙashin robar gaba, ƙafafunsa na kallon ƙasa yadda ruwa ba zai kwanta a ciki ba. Ya bi da wayoyin nesa da salansa, ya ɗaure su da firam, sannan ya karya kan babur ɗin hagu har ƙarshe, dama har ƙarshe, yana duba ko akwai inda waya ke miƙewa ko take gogar ƙarfe.

Soket ɗin fanka da aka datse a ƙauye yaron garejin aka ba ya mayar. Da aka zo gwaji fanka ta tashi da ƙarfinta, Alhaji har ya fara murmushi. Maigidan ya yagi takardar buhun siminti ya kara a gaban lagireto. Takardar ta tashi sama ta faɗo a ƙafarsa.

"Kai, zo nan. Wace waya ka sa a ina?"

"Oga, ai duk ɗaya ne, tana juyawa."

"Tana juyawa da baya. In ana tafiya iskar gaba na turowa, ita tana tunkuɗewa. Sauya su."

Aka sauya, takardar ta manne a jikin lagireto ta zauna. Fankar da ke bayan lagireto zuƙa take yi, kuma ƙaramar mota irin wannan tana bin yadda aka ba ta wuta ne, a juya wayoyi ta juya da baya ba tare da ta yi wani ƙorafi ba.

Wani abu da ya kamata mai irin wannan babur ya sani kafin ya ce a yi masa yadda aka yi wa Alhaji: sababbin da ba su da kafireto, masu ƙwaƙwalwar inji, tsarinsu daban ne. A cikinsu sensar ba ƙofa ba ce, ma'auni ce da ke gaya wa ƙwaƙwalwa zafin ruwa, ƙwaƙwalwar ta yi amfani da shi wajen auna fetur, ita ce kuma ke ba rilen fanka umarni. Wanda ya haɗe ƙafafun irin wannan sensa da makunni ƙarya ya shirga wa ƙwaƙwalwa, injin zai rikice, fitilar gargaɗi ta kama. A can, wurin rilen ake aiki, ko a sa rile na biyu a gefen na kamfani, ko a sa dayod da zai hana wuta komawa cikin ƙwaƙwalwar, wadda kuɗinta ya ninka na duk aikin sau da yawa.

Alhaji ya zo da wata buƙatar a ƙarshe. Ɗansa ya nuna masa a waya cewa a Amurka masu shiga kogi da irin waɗannan babura suna sa makunni mai hawa uku, har da na kashe fanka gaba ɗaya, don kada fika-fikanta su bugi ruwa su karye ko fiyus ya ƙone. Da damina akwai wani rafi a hanyar gonar. Maigidan ya tambayi zurfinsa, aka ce iyakarsa gwiwa, kuma ba kullum ba.

"Ranka shi daɗe, wancan mutum ɗaya ne da abinsa, shi ya saya, shi ke hawa. Naka hannu uku ne. Duk ranar da aka kashe don rafi, wa zai tuna ya mayar? In ruwa ya kai fanka, a tsaya a jira ya janye."

Ina ganin ya yi daidai, ko da yake ba don hawa ukun ba shi da amfani ba. A hannun mai shi, da ƙararrawa ko babbar fitilar da ke tuna masa, abu ne mai kyau. A gonar da aka riga aka ga abin da mantuwa ta yi sau biyu, sake ba wa yaro ikon kashe fanka ganganci ne.

Gwajin ƙarshe ya ɗauki lokaci fiye da ɗaurin wayar. Makulli a kunne, makunni a kunne: fanka ta tashi. Aka zare makulli: ta tsaya nan take. Sannan wanda ya fi muhimmanci, aka kashe makunnin aka bar injin yana sulo a rana, kowa ya zuba ido, har sai da fanka ta tashi don kanta, ta yi ɗan lokaci, ta tsaya don kanta. Ya kara mita a kan batir: bolt 12.6 injin na kashe, wajen 14 idan an ɗan ba shi totur. Da ya sake shi a sulo ya kunna fanka da manyan fitilu tare, lamba ta gangaro ƙasa da 13. Ya nuna wa babban yaron, ya ce ka gani, kwayil ɗin cajin abin nan ƙarami ne, in kuna lodi da dare kada ku bar shi yana sulo da fanka da fitila, batir ke biya. Ya ƙara masa da cewa kunna fanka bayan an kashe inji ba ya sanyaya injin, lagireto kawai yake sanyayawa, tunda famfon ruwa ya tsaya. In ya yi zafi, a bar shi yana sulo da fanka na 'yan mintoci, sannan a kashe.

Sauran bazarar ta wuce jar fitila ba ta sake kamawa ba, batir bai sake kwana ba. Sai dai yaran sun yi abin da duk mai hankali zai yi tsammani: suka danna makunnin suka bar shi a danne. Tunda makulli na kashe shi, ba abin da zai ja musu faɗa. A aikace fankar ta koma dairek ɗin da aka gudo daga gare shi, illa dai yanzu da fiyus, da rile, da sensa a bayanta, kuma tamosta na nan tana riƙe wa injin zafinsa da safe. Da aka gaya wa maigidan ya ce ya san za a yi haka, gara wannan da wancan, amma gawayin cikin motar fankar ba don yini guda yana gogawa aka yi shi ba.

Cikin Agusta fitilar ta kama sau ɗaya. Yaron ya kira a ruɗe yana cewa wallahi fanka na juyawa. Aka ce ya haska tocila ta baya. Taɓon damina ne ya sake cike tsakiyar lagireton, aka wanke da tiyon injin ban-ruwa aka ci gaba da aiki. Tun daga nan Alhaji ya sa wankin lagireto ta baya cikin aikin ranar Juma'a da safe, tare da buɗe murfi a duba ruwan cikinsa kafin a tayar da inji.

Fankar kanta ta kai ƙarshen kaka, sannan ta fara kuka tana tashi da jinkiri. Ba a samu irinta a Katsina ba, sai daga Ƙofar Ruwa a Kano aka aiko da wata ƙaramar fankar mota mai faɗin da ya yi daidai, aka yi mata kunnuwa a wurin mai walda. Ta fi ta asali jan wuta, don haka kafin a ɗaura sai da maigidan ya auna ta da mita, ya canja wayar da ke kawo mata wuta zuwa mai kauri, sannan ya ɗaga fiyus daga 15 zuwa 20. Rilen da makunnin ba a taɓa su ba.